Ɓoye Sani Ko Raba Shi: Wanne Ne Ke Raya Ƙaramin Kamfanin Manhaja?

Idan na koya wa ma'aikacina duk abin da na sani, ko na nuna wa kamfanin da muke neman kasuwa ɗaya yadda na shawo kan wata matsala, me zai hana su juyo gobe su kwashe mini kwastomomi? Wannan tambaya ba ta barin bakin masu ƙananan kamfanonin manhaja a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ta ƙara nauyi tun daga 2023. A shekarar ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani. A shekarar ne kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, har dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sababbin hannu suna ta shigowa suna neman wanda zai koya musu aiki na gaske. Ƙwararru kuma suna ta ficewa, wasu zuwa ƙasashen waje, wasu suna zaune a ɗakunansu suna yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki ana biyansu da dala. Mai kamfanin da ke da ma'aikata shida yana tsaka mai wuya: ya horar a ɗauke, ya ƙi horarwa aiki ya tsaya.

Tsoron yana da tushe, kuma za mu zo kan inda yake da gaskiya. Sai dai a mafi yawan waɗannan kamfanoni an yi abin a baibai. Dabarar aiki, wadda faɗinta ba ya rage wa kowa ciniki, ita ake ɓoyewa. Kalmomin sirri da bayanan kwastomomi, waɗanda su ne ya wajaba a kulle, su ke yawo a zaurukan WhatsApp.

Wane kamfani ake nufi, kuma wane sani?

Ana maganar kamfani ne mai mutum uku zuwa ashirin, wanda ke haɗa wa makarantu shafin duba sakamako da biyan kuɗin zango, ya haɗa wa kyamis manhajar lissafin magunguna, ya yi wa asibiti mai zaman kansa rajistar marasa lafiya, ya yi wa ƙungiyar gama-kai manhajar tara kuɗi, wani lokaci ya haɗa da jan wayar intanet da saka kyamarori a ofisoshi. Ba shi da injuna, ba shi da kaya a sito. Jarinsa gaba ɗaya yana cikin kawunan ma'aikatansa da kwamfutocinsu.

Sanin kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke rubuce: umarnin da ake gina manhaja da shi, wanda 'yan sana'ar ke kira kod, da tsarin rumbun bayanai, da takardun kwangila. Akwai wanda ba a rubuta ba, irin wanda masanin nan Michael Polanyi ya yi nuni da shi tun 1966 da cewa mutum ya san fiye da abin da zai iya faɗa. Shi ne sanin cewa wannan makaranta ba ta haɗa makin jarrabawa kamar sauran, ko cewa akantan wancan asibiti ba ya yarda da rahoto sai an buga masa a takarda, ko cewa akwai wani ɓangare na manhajar da in aka taɓa shi wani can daban ke lalacewa.

A ɗauki saƙon tes na waya. Yana ɗaukar harafi 160 matuƙar haruffan duk suna cikin jerin da tsarin GSM ya sani. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin, haka ma alamar ₦. Da zarar ɗaya ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal, ko 67 a kowane yanki idan ya yi tsawon da za a datsa shi. Sanarwa mai harafi 150 da ya kamata ta tafi a saƙo ɗaya, saboda ƙ guda a cikin "ƙarshen zango", ta zama saƙo uku. Makaranta mai iyaye 800 za ta biya kuɗin saƙo 2,400. Mai haɗa manhajar da bai san wannan ba zai yi ta zargin kamfanin tura saƙo da cuta. Wanda ya sani zai sa manhajar ta ƙirga yankunan ta nuna wa sakataren makaranta kafin ya danna turawa, ya zaɓa da kansa ko ya taƙaita ko ya biya. Bayanin bai wuce minti biyu ba, amma kamfanoni goma a gari ɗaya kowanne sai ya yi tasa asarar kafin ya gano, don wanda ya riga ya gano ya yi shiru.

Irinsa suna da yawa. Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, da kobo yake lissafi, don haka Naira 5,000 ana tura ta ne a matsayin 500000. Wanda ya tura 5000, Naira hamsin ya caji. Sanarwar da kamfanin biyan kuɗi ke aiko wa manhaja cewa an biya tana iya zuwa sau biyu, kuma in ba a tsara manhajar ta duba lambar shaidar biyan ba sai ta rubuta wa ɗalibi ɗaya biya biyu. Lambar wayar da aka kwaso daga Excel takan zo babu sifirin farko. Lambar tantancewa da aka tura ta layin talla ba ta isa ga wanda ya toshe tallace-tallace ta 2442. Rumbun bayanan da aka bari a tsohon tsarin haruffa na latin1 yakan mai da Ɗanladi ya koma ?anladi a kan takardar sakamako. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai a kira shi sirrin kasuwanci.

Daga ina ƙirƙira ke fitowa?

In an ce ƙirƙira, hankalin mutane kan tafi ga ƙago abin da duniya ba ta taɓa gani ba. A wannan sana'a ba kasafai take zuwa haka ba. Yawanci tana farawa ne daga lura da cewa matsalar da aka warware wa kwastoma na farko ita ce ta dawo daga na biyu da na biyar, sai a daina yi wa kowa nasa daban, a fitar da abu guda da za a riƙa sayar wa kowa da kuɗin wata ko na zango. Moniepoint, wanda na'urorinsa na POS suka cika kasuwanninmu, ya fara ne a 2015 da sunan TeamApt, yana haɗa wa bankuna manhaja a kan kwangila. Shekarun da suka yi suna ganin inda hada-hadar kuɗi ke maƙalewa daga ciki su suka ba su abin da suka fito da shi daga baya. Tosin Eniolorunda, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, shi ma a kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Interswitch ya fara tara nasa sanin.

Maimaituwar matsala kuwa ba ta bayyana sai labari ya haɗu wuri ɗaya. Mai amsa wayar kwastomomi ya ji masu kyamis uku suna kukan cewa in intanet ta ɗauke ciniki ya tsaya. Mai rubuta kod bai taɓa jin wannan ba, don aikin da zai yi kawai ake miƙa masa. Maigida yana can yana bin kuɗin kwangila. Sai ranar da su ukun suka zauna da koke-koken wata guda a gabansu za a gane cewa manhajar da ke adana ciniki a kwamfutar shago, ta tura in layi ya dawo, ita ce abin sayarwa. Shi ya sa a ganina littafin koke-koke, ko da shafin Google Sheets ne mai gurbi huɗu, kwanan wata da sunan kwastoma da abin da ya faru da yadda aka gyara, ya fi kowane taron neman sababbin dabaru amfani ga ƙaramin kamfani.

Me ya sa ake ɓoyewa?

Dalilan ba na mugunta ba ne. Ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba ya san cewa abin da ke hana a sallame shi shi ne babu wanda ya fahimci manhajar sai shi. In ya rubuta komai a fili, da me zai nemi ƙari? Maigida ya taɓa ganin yaron da aka koya wa aiki shekara biyu ya fita ya je wa kwastoma da rabin farashi. Kwangila takan zo da wa'adin da bai isa ba, kuɗinta kuma na haɗawa ne kawai, ba wanda ke biyan awannin rubuta bayani.

Mafi wuyar magani ita ce kunya. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya duban babba ya ce masa akwai kuskure a kod ɗinsa, babba kuma yana jin nauyin ya tambayi yaro abin da bai sani ba. Wanda ya yi ɓarna ya gwammace ya kwana yana gyarawa shi kaɗai da ya faɗa. Ladabi abu ne mai kyau, amma a kan manhajar da ke riƙe da kuɗin mutane da takardun lafiyarsu, shirun ladabi kwastoma ne ke biyan kuɗinsa.

Ranar da mutum ɗaya ya tafi

'Yan sana'ar suna da wani ma'auni: mutum nawa ne in suka ɓace yau aikin zai tsaya cik? A 2016 wasu masu bincike, akasarinsu daga Brazil, sun auna fitattun manhajoji 133 a GitHub, shafin da ake ajiye kod a kansa, suka tarar kusan kashi biyu cikin uku sun rataya ne a wuyan mutum ɗaya ko biyu. Waɗannan fa manhajoji ne da kod ɗinsu ke buɗe kowa na gani, balle kamfanin da kod ɗinsa ke kan laftof guda.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Ma'aikacin ya sami aiki a waje, an rabu lafiya, ya ce a kira shi duk lokacin da ake buƙata. Wata biyu komai na tafiya. Sai takardar tsaron shafin, wadda in ta Let's Encrypt ce, cibiyar da ke ba da irin wannan takarda, kwana 90 ne wa'adinta, ta ƙare, domin da hannu yake sabunta ta kuma bai faɗa wa kowa ba. Iyaye su buɗe shafin makaranta, wayarsu ta ce musu ba shi da aminci. A je shiga uwar garke, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, a tarar lambar tantancewa wayarsa take zuwa, layin kuma ya daina aiki tunda ya bar ƙasar. Bayan 'yan watanni adireshin shafin ma ya ƙare, don da imel ɗinsa da katinsa na banki ya yi rajista, can kuma tunatarwar take zuwa. Babu wanda ya yi zamba a nan. Kamfanin ne bai taɓa mallakar abin da yake sayarwa ba.

Abin da ake yi a cikin gida

Daga mallaka ake farawa. Kod ya zauna a asusun kamfani na GitHub ko takwaransa GitLab, da masu iko aƙalla biyu. Adireshin shafi, uwar garke, asusun tura saƙo da na karɓar kuɗi, duk a buɗe su da imel na kamfani. Kalmomin sirri su shiga manhajar adana su irin Bitwarden, kowa da mabuɗinsa, ta yadda ranar da mutum ya tafi za a cire shi a canza waɗanda ya taɓa riƙewa. Aikin yini ɗaya ne ko biyu.

Sannan kada kod ya shiga manhajar da kwastoma ke amfani da ita sai mutum na biyu ya karanta. Ana kama kuskure ta haka, amma babbar ribar ita ce mai karantawa yana koyon ɓangaren da ba shi ya rubuta ba. Binciken da aka yi a kamfanin Cisco a 2006 ya nuna cewa ido ya fi kama kuskure in abin da ake dubawa bai wuce layi 200 zuwa 400 ba, zaman kuma bai wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Inda abin ke lalacewa shi ne a tara aikin mako uku, layi dubu huɗu, a miƙa wa mutum dab da tashi daga aiki. Zai duba sama-sama ya ce ya yi. Kuma dubawar ta hau kowa har maigida. In na ƙasa kaɗai ake dubawa ta zama jarrabawa, kowa zai nemi hanyar kauce mata.

Rubutu kuma kaɗan ake so, amma mai rai. Takarda ɗaya a cikin kod ɗin kanta, da ke faɗin yadda ake tayar da manhajar a sabuwar kwamfuta, yadda ake ɗora ta a uwar garke, inda ake ajiye kwafin bayanai, da abin da ake yi in ta faɗi. Gwajinta mai sauƙi ne: a ba sabon ma'aikaci ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, kada kowa ya taimake shi. Duk inda ya tsaya, nan takardar ta gaza, kuma shi zai gyara wurin. A haɗa da rabin shafi duk lokacin da aka yanke babbar shawara: me aka zaɓa, me aka bari, saboda me. In babu wannan, bayan shekara wani zai ga wasu layuka kamar shirme ya goge su, bai san an saka su ne don kwastoma ɗaya da ke karɓar kuɗin makaranta kashi-kashi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna a rubuta kundi mai shafi tamanin sau ɗaya a ajiye; bayan wata shida rabinsa ya zama ƙarya, kuma ya fi rashin rubutu haɗari don mutane sun yarda da shi. Saƙon murya na WhatsApp ma ba rubutu ba ne, ba a iya bincika shi, kuma yana tafiya da wayar mai shi.

Sai bitar kuskure ba tare da neman mai laifi ba, kuma a nan labarin GitLab ya cancanci a tsaya a kansa. Ran 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu da ke fama da wata matsala cikin dare ya ba da umarnin goge bayanai a kan uwar garken da ba ita ya nufa ba. Kafin ya ankara ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da suka juya ga kwafin ajiya, sai suka tarar a cikin hanyoyi biyar da suke taƙama da su babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, suka yi asarar bayanan waɗannan awannin. Maimakon su rufe, sai suka nuna aikin dawo da bayanan kai tsaye a YouTube, suka wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, suna tambayar me ya sa tsarinsu ya bar mutum ɗaya da ya gaji ya iya yin wannan, me ya sa kuma ba wanda ya lura kwafin ya daina ɗaukuwa. Ƙaramin kamfani ba sai ya fito YouTube ba. Ya isa a rubuta shafi ɗaya cikin kwana biyu da faruwar matsala: ƙarfe nawa ta fara, yaya aka gano, me aka yi, me za a canza, wa zai canza. Ranar da aka ci mutuncin mutum a irin wannan zama, ranar ce ta ƙarshe da wani zai kawo kuskurensa da kansa.

Darasi na biyu daga labarin shi ne na kwafin ajiya. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Amma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba ba a san ko yana nan ba. Sau ɗaya a wata, wani wanda ba shi ya tsara ajiyar ba ya dawo da ita a wata kwamfuta, ya buɗe ya ga bayanan jiya.

Duk wannan ba zai ɗore ba in albashi bai bi shi ba. Matuƙar wanda ya riƙe sani shi ake lallaɓawa da ƙari, wanda ya koyar kuma ba a ko lura da shi, ma'aikata sun riga sun fahimci abin da kamfani ke so. Ƙarin girma ya hau kan tambaya irin wannan: mutum nawa ne yanzu za su iya aikin da a bara kai kaɗai ka iya?

Tsakanin kamfani da kamfani

A nan ne gardamar ta fi zafi, kuma tarihi yana da abin faɗa. A shekarun 1970 yankuna biyu ne ke jan ragamar masana'antar kwamfuta a Amurka: kewayen Boston da kuma Silicon Valley a Kalifoniya. Kamfanonin Boston, irin su DEC da Wang, kowanne ya killace kansa, yana yin komai a cikin gida, kuma dokar jiharsu tana ba da damar hana ma'aikaci komawa wurin abokin gasa. Kalifoniya ba ta amincewa da irin wannan sharaɗi. A can, injiniyoyi takwas sun bar kamfanin Shockley a 1957 suka kafa kamfanin Fairchild. Daga Fairchild Robert Noyce da Gordon Moore suka fita suka kafa Intel a 1968, wasu suka kafa AMD a 1969. Mai bincike AnnaLee Saxenian ta nuna a 1994 cewa wannan yawon mutane da hirar da suke yi a bayan aiki su suka sa yankin ya riƙa sabunta kansa. Wang ya durƙushe a 1992, Compaq ya saye DEC a 1998.

Legas ma haka ta yi. Cibiyar CcHub da aka kafa a Yaba a 2010 ta tara masu haɗa manhaja wuri ɗaya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Bosun Tijani, shi ya zama ministan sadarwa a 2023. Iyinoluwa Aboyeji yana cikin waɗanda suka kafa Andela a 2014, ya kuma fita aka kafa Flutterwave da shi a 2016. A namu ɓangaren akwai CoLab a Kaduna, nHub a Jos, Startup Kano da CITAD a Kano, CIPMEN a Yamai, da tarukan DevFest da ake yi duk shekara. Matsalar yawancin tarukan ita ce jawabin ƙarfafa gwiwa ya yi yawa. Zaman mutum goma sha biyar, inda mutum ɗaya ya haska kwamfutarsa a bango ya nuna yadda haɗa manhajarsa da wani banki ya ba shi wahala da yadda ya fita, ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Sai dai a faɗi gaskiya: ribar wannan yawon sani ta gari ce gaba ɗaya, ba lallai ta faɗa hannun wanda ya yi wahalar horarwa ba. Fairchild bai zama Intel ba. Mai kamfanin da ya horar da yara biyar aka ɗauke huɗu asara ya yi ta gaske, kuma ba daidai ba ne a ce masa ya yi haƙuri don ci gaban Arewa. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage zafin asarar. In sanin yana rubuce kuma ya ratsa mutum uku, tafiyar ɗaya ba ta tsayar da aiki. Kotuna ba su cika goyon bayan sharaɗin da ya hana mutum sana'arsa gaba ɗaya ba, sukan duba ko ya yi daidai da hankali ta fuskar lokaci da yanki. Don haka ya fi kyau a rubuta sharaɗi ƙarami, cewa wanda ya tafi ba zai nemi kwastomomin da ya yi wa aiki ba na wata shida ko shekara. Tsohon ma'aikacin da aka rabu da shi da mutunci kuma sau da yawa shi ke turo aikin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma abin da duk mai ɓoyo yake mantawa: a kan kyautar wasu yake tsaye. Linux da PostgreSQL da Laravel, da ake gina manhajoji a kansu, duk buɗaɗɗun manhajoji ne, wato kod ɗinsu a buɗe yake kowa ya ɗauka kyauta. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta, ita ce Najeriya ke tattara bayanan asibitoci da ita. Abin da ya shafi harshenmu kuwa, babu ƙaramin kamfanin da zai iya tara shi shi kaɗai. Tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin da aka tantance aka saki kyauta a 2022 da sunan NaijaSenti, wanda masu bincike daga Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, da muryoyin Hausa da ake tarawa a shirin tara muryoyi na Common Voice, irin aikin da sai an haɗa hannu ne. Abin kula kawai shi ne lasisi, wato sharuɗɗan da mai kod ya gindaya wa masu amfani da shi. Na MIT ya yarda ka saka kod a manhajar sayarwa muddin ka bar sanarwar mai shi. Na GPL ya ce in ka raba manhajar da ka gina da shi, sai ka ba da kod ɗinka a kan sharaɗi ɗaya. AGPL ya kai har ga manhajar da mutane ke amfani da ita ta intanet kawai. A karanta kafin a saka, don cirewa bayan shekara biyu aiki ne babba.

Abin da ba a rabawa

Bayanan mutane su ne kan gaba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai bayanan, wato makarantar ko asibitin, sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in aka sami kutse mai haɗari, ta kuma wajabta wa kamfanin da ke sarrafa musu bayanan ya sanar da su ba tare da jinkiri ba. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai Naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Duk da haka ana ganin mai neman taimako ya ɗauki hoton allonsa ya jefa a zauren mutum ɗari uku, sunayen marasa lafiya da lambobinsu suna fili. Ana ganin an tura wa sabon ma'aikaci rumbun bayanan kwastoma sukutum don ya yi gwaji a laftof ɗinsa. Gwaji da bayanan bogi ake yi.

Mabuɗan sirri na karɓar kuɗi da na uwar garke ba sa shiga cikin kod. In suka shiga Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji a kod, sau ɗaya, goge layin ba ya cire su daga tarihi. Sai dai a soke mabuɗin a fitar da sabo. Haka manna kod ɗin kwastoma a manhajojin ƙirƙirarriyar basira: Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irinsu a 2023 bayan wasu sun zuba kod ɗin kamfani a ChatGPT. A tambaye su dabara, amma a cire sunaye da mabuɗai tukuna.

Farashi ma yana da iyaka. Kamfanoni su koya wa juna yadda ake lissafa awannin aiki da kuɗin uwar garke da ake biya da dala, wannan alheri ne. Su haɗa baki kan abin da kowa zai caji, ko wanda za a bar wa wata kwangila, wannan dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta haramta shi.

Sannan tambayar wa ke da kod. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, haƙƙin yana fara hawa ne kan wanda ya rubuta, sai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka. Kamfanin da ke ɗaukar mutane aiki da baki, ko yake ba 'yan waje aikin wucin gadi ba takarda, yana iya wayar gari ba shi da hujjar cewa manhajar tasa ce. Sakin layi ɗaya a takardar ɗaukar aiki ya isa, wani kuma a kwangilar kwastoma da ke bambance abin da aka haɗa masa shi kaɗai da ginshiƙin da kamfani ke amfani da shi wa kowa.

Ina ruwan mai makaranta da mai kyamis?

Su ne ke ɗaukar nauyin ɓoyon a ƙarshe: sakamakon da bai fito ba ranar da aka yi wa iyaye alkawari, lissafin magungunan shekara uku da ya tafi tare da kwamfuta, kuɗin haɗa sabuwar manhaja daga tushe saboda wanda ya yi ta farko ba ya ɗaukar waya. Ba sai mutum ya san kod ba kafin ya kare kansa. Kafin ya biya kason farko, ya tambaya mutum nawa ne a kamfanin suka san manhajarsa, ya nemi ya ga na biyun da idonsa. Adireshin shafin ya zama da sunan makarantar da imel ɗinta aka yi rajistarsa, asusun karɓar kuɗi ma haka, kuɗin ya riƙa faɗawa asusun bankinta kai tsaye. A rubuta a kwangila nawa ne kuɗin kulawa na shekara da abin da ya ƙunsa, da awa nawa za a ɗauka kafin a amsa in manhajar ta tsaya. A rubuta kuma cewa duk ranar da ya nema za a ba shi bayanansa gaba ɗaya a fayil ɗin da Excel ke buɗewa, ya kuma nemi a fitar masa da su sau ɗaya a ƙarshen kowane zango, ya buɗe ya ƙirga ɗalibansa ya ga sun cika.